Yadda na gina gidan kakanmu na Birni a kan tebur

Ni fa ba magini ba ne, ɗinki nake a Zango, amma tun muna yara ni ne gwanin motar kara a layinmu. Abin da ya maido ni wannan harka shi ne ruwan damanar 2024, lokacin da tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ya rushe a watan Satumba, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari da hamsin yana tsaye. A satin ne katangar gidan kakanmu ta gabas ita ma ta zauna, baffanninmu suka ce to ai shi ke nan, a ture sauran a sa bulo da kwano kowa ya huta. Ban iya hana su ba, ba ni da ko dala a aikin, sai na roƙi a ba ni kwana uku in auna gidan in ɗauki hotuna, na ce zan yi ɗan ƙaraminsa, abin da masu zanen gini ke kira maket. Dariya suka yi min, wai ɗan Alhaji ya koma wasan ƙasa.

Farko na so in yi 1:12, wato duk santimita 12 na gidan ya zama santimita 1 a maket, don na ga shi ne awon da Turawa suka fi yin gidajen ƴar tsana da shi. Da na zauna da biro sai na ga gidan namu mita 20 ne tsawo, zai fito mita ɗaya da santimita sittin da wani abu, ina zan aje wannan, a kan keken ɗinki? Na koma 1:25, wato duk mita ɗaya santimita 4, gidan gaba ɗaya ya dawo santimita 80 da 60, ya hau falanki guda. Na yanka ɗan mutum na kwali mai santimita 7 na riƙa tsayar da shi a kowane ɗaki, wallahi wannan ɗan mutumin ya fi rula amfani, da ka aje shi ido zai gaya maka in bango ya yi tsawo.

Gwajin farko asara ce. Na ce tunda gidan ƙasa ne bari in yi da ƙasa zalla, har ƙananan tubali na dunƙula irin namu masu kan ƙwai, kwana huɗu ina jerawa, na shanya a rana lokacin hunturu ya fara busawa, kafin la'asar duk ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara. Kuma ƙasar da na ɗebo ban tankaɗe ba, tsakuwar da ba ta wuce milimita 2 ba a wannan awon ta zama dutse mai santimita 5, sai bangon ya yi kamar an gina shi da duwatsun bayan fada. Na sato rariyar maiɗakina na tankaɗe jar ƙasa sau biyu, har yau ba ta yafe ba, sai da na sayo mata sabuwa a kasuwar Dole.

Abin da ya yi aiki daga baya: ƙashin ginin da kwali mai kauri, ninki biyu ko uku, sannan yaɓe siriri na ƙasa tankaɗaɗɗiya da aka kwaɓa da ruwan ƙaro da ɗan farin gam na kafintoci. A shafa ciki da waje lokaci guda, in ka shafa gefe ɗaya kwalin zai lanƙwashe, kuma a bar shi ya sha iska a inuwa, kar ka yi gaggawa. Azara na yi da tsinken tsire da na tsaga biyu na shafa masa ruwan shayi mai ƙarfi ya yi duhu kamar giginya, indararo da gwangwanin tumatir, zanko kuwa sau uku suna karyewa sai da na soka tsinken sakace a cikin kowane ɗaya.

Na gama zaure da ɗakuna biyu, awo daidai ba ƙari ba ragi, amma in na kalla sai in ga kamar ofis, ba gidanmu ba. Na rasa dalili. Na ɗauka a kan kabu-kabu na kai wa wani tsohon magini a Birni, abokin kakanmu ne, idonsa ma ya fara rauni, da hannu ya shafa bangon daga ƙasa zuwa sama ya ce "Ɗana, wa ya gaya maka bangon ƙasa a miƙe yake tashi?" Na ce Baba ai haka na auna. Ya ce a ina ka auna, na ce daidai ƙirjina. Ya yi dariya har da tari. Ashe bangon tubali gindinsa ya fi kansa kauri sosai, a hankali yake tsukewa yana hawa, don ƙasa ita ke ɗauke da nauyin kanta, kuma kusurwa ba ta kaifi, hannu da ruwan sama da yaɓen shekara shekara sun riga sun dulmuye ta. Ni kuwa na bi rula na yanke komai tsaf da reza. Na dawo na ƙara kwali a gindi, na goge kusurwoyi da ɗan yatsa jiƙaƙƙe, nan take abin ya fara kama da gida.

Shi ne ma ya ba ni labarin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da suke haɗa yaɓen waje da shi don ruwa ya riƙa zamewa, ya ce yanzu yaran magina ko warinsa ba su sani ba, siminti kawai. Na ɗan tausaya masa amma gaskiya ni ma da nake da iyali ban ga laifin baffannina ba, wanda bango ya taɓa faɗowa kusa da ƴaƴansa cikin dare ba ya son jin zancen tarihi.

Zanen fuskar gida shi ya fi cin raina. Dagin da ke saman ƙofar zaure a maket bai kai faɗin kwalbar turare ba, na gwada da allura ya ƙi, na gwada da sirinji ya zube. Sana'ata ce ta cece ni, na ɗauko zaren da muke aikin wuyan riga da shi na tsoma a gam, na nannaɗa shi a bango kamar ina sharaɓa, da ya bushe na bi da ruwan ƙasa, sannan farar ƙasa da bula. Dare biyu na yi a kai, ɗaya ma da fitilar salula don an ɗauke wuta.

Ranar da na kai wa Gwaggo, ita ce ta rage cikin waɗanda aka haifa a gidan, ta ɗage rufin ta leƙa ta daɗe ba ta ce komai ba, sai ta sa yatsa a ƙofar ɗakin kaka ta ce "Kai, wannan ƙofar ba tamu ba ce, tamu sai ka duƙa." Gaskiyarta. Ƙofar mita ɗaya da rabi ce, ni ne na ga kamar ta yi gajarta na ƙara mata don ɗan mutumin kwalina ya wuce a tsaye. A gabanta na rage ta zuwa santimita 6. Ta kuma ce ina randar da ke gindin bedi, ina turken akuya, ina murhu, duk abubuwan da ban auna ba don ban ɗauke su gini ba. Sati guda na ƙara ina dunƙula randa kamar ƙwayar gujiya.

Yanzu maket ɗin yana ɗakinta a kan kabet, ta rufe shi da mayafi saboda ƙura da jikoki, ni ma sai na nemi izini nake gani. Ɗan baffana da ke Yamai ya ga hoto a WhatsApp ya ce in yi masa nasa zai biya, na amsa, amma har yau ina tunanin yadda zanko takwas za su yi tafiyar kusan kilomita 900 a bayan bas su isa da kawunansu.