Yadda Muka Bi Isnadin Heathcliff a Barandar Hajiya

Ɗiyar yayata ce ta jawo mini aikin. Tana ajin ƙarshe na babbar sakandare a nan Kumasi, ɓangaren masu karanta adabin Turanci. Wata Asabar ta shigo gidanmu na Aboabo ta dire mini littafi a kan tabarma kamar mai kawo sammaci, ta ce, "Kawu, littafin nan zai kashe ni. Kowa a cikinsa sunansa ɗaya." Wuthering Heights ne, na Emily Brontë, wanda ya fito a Ingila a 1847. Yana cikin jerin da hukumar WAEC ta sa wa masu jarrabawar WASSCE daga 2021 zuwa 2025, kuma shi makarantarsu ta zaɓa, ta bar Invisible Man na Ralph Ellison. Ni malamin firamare ne, amma a gidanmu duk wanda ya taɓa riƙe alli shi ne likitan kowace takarda. Kafin mako ya zagayo ta zo da ƙawayenta biyu da wani yaro ɗan layinmu, muka fara zama a barandar Hajiya bayan sallar isha'i, ran Talata da Asabar.

Da hannuna na fara ɓata abin. Na je kasuwar Kejetia na sayo irin ƙananan littattafan nan na taƙaitawa, masu jera maka komai: jigo na ɗaya soyayya, na biyu ramuwa, na uku bambancin arziki, halayen babban tauraro guda kaza. Na ce su haddace. Ɗan Zango kuwa ba a koya masa hadda, da ita ya tashi tun daga allo. Cikin mako biyu suna kawo shi tiryan-tiryan, ni kuma ina ta jin daɗi. Sai na ba su tambaya a kan halin Heathcliff, babban tauraron littafin, na ce kowa ya rubuta shafi biyu. Takardu huɗu suka dawo kamar an buga su da hatimi ɗaya: kowa ya ba da labari daga farko har ƙarshe, ya rufe da cewa wannan ya nuna mutumin mugu ne. Na ce, "A wane babi ya nuna?" Shiru. Da na matsa, ashe babu wanda ya wuce babi na uku cikin 34. Ban iya yi musu faɗa ba, don ni ma rabona da littafin tun ina ɗalibi. Kuma gaskiya babukan farkon nan akwai gajiyarwa: ga baƙo Lockwood da karnuka, ga mafarki, ga tsoho Joseph da Turancinsa na ƙauyen Yorkshire wanda ko a bayyane ka karanta shi sai ka ji kamar wani yare ne daban.

Muka ajiye ɗan littafin Kejetia. Na ciro tsohuwar kalanda na kifa ta, muka zana dangantakar gidajen biyu a bayanta, da Hausa. Hindley da Catherine wa da ƙanwa ne, 'ya'yan Earnshaw. Edgar da Isabella su ma wa da ƙanwa, 'ya'yan Linton. Catherine ta auri Edgar, ta rasu wajen haihuwa, aka mayar wa jaririyar da sunanta. Yaran suka ce tunda mai sunan uwa ce, Ummi za su riƙa ce mata, rikicin suna ya ƙare a nan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Hausa ta warware abin da Turanci ya cakuɗa. Turanci kalma ɗaya, "cousin", yake kiran mazan da Ummi ta yi hulɗa da su, mu kuwa muka rubuta: na farko ɗan gwaggonta, wato ɗan Isabella da Heathcliff, na biyu ɗan kawunta Hareton. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Au, ashe auren zumunci ne!" Ta kuma tambaya me ya sa Heathcliff ya kulle yarinyar a gida sai ta auri ɗansa mara lafiya. A nan dole muka taɓa dokar Ingila ta wancan zamanin: abin da mace ta mallaka yana komawa hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, sai dokokin 1870 da 1882 suka sauya haka. Ga yaran da suka san cewa a Musulunci 'ya tilo tana da rabin gado, kuma dukiyar mace tata ce ko tana gidan miji, abin ya zame musu baƙo. Amma daga ranar suka gane cewa auren nan ba na so ba ne, hanyar kai wa ga gida da gona ce.

Dokar da na kafa ita ce kowane babi a karanta shi da Turanci, sannan wani ya maimaita shi da Hausa a gaban kowa. Ranar babi na huɗu ni na maimaita. Tsoho Earnshaw ya tafi Liverpool a ƙasa, mil sittin zuwa, sittin dawowa. Ya yi wa ɗansa alkawarin goge irin na Turawa, 'yarsa kuma bulala. Bayan kwana uku ya dawo da yaro ɗan tsintuwa a cikin rigarsa, baƙi wuluk da dauɗa, yana wani yare da ba wanda ya gane. Gogen ya farfashe, bulalar ta ɓata a hanya. Aka sa wa yaron Heathcliff, sunan wani ɗansu da ya rasu yana ƙarami, sunan nan guda shi ne nasa, shi ne na ubansa.

Hajiya tana gefe a kan dardumarta da carbi, mun ɗauka ba ta tare da mu. Sai muka ji ta ce, "Tsaya, Malam. Ya shawarci uwargidan kafin ya kawo shi?" Na ce a'a, har ma ta so ta jefar da yaron waje. "Kuma ya fi son sa da ɗan cikinsa?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To shi ya kunna wutar. Riƙo ba a yin sa da fifiko. Ka ɗora ɗan wani bisa naka, ranar da ka kwanta dama ka bar shi a hannun maƙiyi." Ba daga littafi ta samo ba. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Ghana, wasu maƙwabtansu suka hau mota zuwa Najeriya suka bar ƙaramin yaro a hannun surukarta, da niyyar za su aiko a ɗauke shi. A gabanta ya girma, ta kuma ga abin da 'ya'yan gida suka yi masa bayan tsohuwar ta rasu. Jumla uku ta yi, ta ba mu abin da shafi goma na ɗan littafina bai ba mu ba, don bayan mutuwar Earnshaw abin da ya faru ke nan: Hindley ya hana Heathcliff karatu, ya mayar da shi cikin barori, ya tura shi aikin gona.

Sai dai 'yan matan suka koma ɗaya gefen gaba ɗaya, Heathcliff ya zama maraya abin tausayi. Na mayar da su ga labarin 'yan dawaki biyu a babin nan dai. Ya zaɓi mafi kyau, da ya gurgunce sai ya ce wa Hindley su yi musaya, in ba haka ba zai nuna wa tsohon shatin dukan da ya yi masa. Tun yana yaro ya san yadda ake mayar da rauni jari. Muka raba shafi biyu: abin da aka yi masa, da abin da ya yi, kowanne da lambar babi a gefe. Wanda bai kawo babi ba, maganarsa ba ta shiga.

Yaron nan ɗan layinmu, wanda yake karatun hadisi a Islamiyya da safe ran Asabar da Lahadi, shi ya buɗe mana ƙofar da ban san da ita ba. Muna babi na tara, inda Hindley cikin maye ya saki jaririnsa Hareton daga saman bene, Heathcliff yana wucewa ta ƙasa ya cafe shi, sannan aka ce fuskarsa ta nuna nadamar ceton. Yaron ya ce, "Malam, wa ya ga nadamar?" Na ce Nelly, mai aikin gidan. Ya ce, "To ai wannan ruwaya ce. Lockwood ya ji daga Nelly, wani wurin ma Nelly ta ji daga wasiƙar Isabella ko daga bakin Zillah, mai aikin gidan Heathcliff. Ita Nellyn amintacciya ce?"

Daren nan ba mu tashi ba sai da aka ɗauke wuta, muka ƙarasa da fitilar waya. Muka bi masu ruwayar ɗaya bayan ɗaya. Lockwood tun a babi na biyu ya nuna idonsa ba abin dogaro ba ne: ya ɗauki Ummi matar Heathcliff ce, ya ga tarin matattun zomaye ya zaci kyanwoyi ne. Nelly kuwa da bakinta ta ce daren farko a kan matakala ta ajiye yaron, da fatan kafin safiya ya ɓace, kuma ita da Hindley suka riƙa gallaza masa. A babi na tara tana zaune a kicin tana jijjiga Hareton a cinya, Catherine na faɗa mata cewa auren Heathcliff zai zubar mata da daraja. Nelly ta ga Heathcliff ya tashi daga benci ya sulale waje, bai tsaya ya ji irin son da ake masa ba, amma ba ta faɗi gaskiya nan take ba. Shekara uku ya yi bai dawo ba. A babi na 12 kuma Catherine ta kulle kanta kwana uku ba ci, Nelly ta ɗauka iya shege ne, ba ta sanar da mijin ba. Ni dai ban ce maƙaryaciya ce ba. Duk wanda ya zauna gidan haya ya san irinta: dattijuwar da ke tsakiyar kowace rigima, tana da kirki, tana kai abinci, amma in ta tashi ba da labari hannunta ne kaɗai ke fitowa a wanke. Ɗiyar yayata ba ta yarda ba, ta ce munafuka ce kawai. Na ce ta rubuta haka in tana so, da sharaɗin babi uku na hujja. Ta kawo huɗu.

Maganar jigo ta zo da sauƙi bayan wannan. Na hana su rubuta kalma ɗaya tilo. "Ramuwa" ba jigo ba ne, kan magana ne, sai ka faɗi abin da littafin ya ce a kan ramuwar. Ɗaya ta fara da ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, na ce da kyau, amma mai duba takarda ba zai ba karin magana maki ba. Ta koma ta dawo da wannan: Heathcliff ya rama da ainihin makamin da aka cuce shi da shi. An hana shi karatu, shi ma ya hana Hareton, har saurayin ya kasa karanta sunan wani kakan kakanninsa, wanda shi ne nasa, da aka sassaƙa a saman ƙofar gidansu tare da shekarar 1500. Kuma karatun ne ya kwance ƙullin, ranar da Ummi ta fara koya masa. A babi na 33 mutumin da ya gama mallake gidajen biyu ya shaida wa Nelly cewa sha'awar rushe su ta fita daga ransa. Sakin layi ɗaya, magana ɗaya, hujja uku. Na sa sauran suka kwafi tsarin, ban da kalmomin.

Mun kai babi na 34 ana saura kwanaki kaɗan su fara jarrabawa. Ɗiyar yayata ce ta maimaita shi da Hausa: Heathcliff ya daina cin abinci, Nelly ta same shi da safe a kwance, taga a buɗe, ruwan sama ya jiƙa shi, idanunsa sun ƙi rufuwa. Hareton, wanda ya fi kowa cutuwa a hannunsa, shi kaɗai ya yi masa kuka na gaske. Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Har ya mutu ba a gano iyayensa ba?" Na ce littafin bai faɗa ba, Hajiya. Ta ce, "Ko wasiƙa ba wanda ya aiko?" Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ƙagaggen labari ne fa." Ta ce ta sani. Ta miƙe da ƙyar ta naɗe darduma, ta ce wa yaron nan ya raka 'yan matan har bakin titi, dare ya yi.