Dikodata, Motata da Wasan Maroko

Har yau ban kalli ƙwallon da En-Nesyri, ɗan wasan Maroko, ya ci Fotugal a gasar cin kofin duniya daga farko ba. Guntun bidiyon waya kawai na gani, kamar kowa. Kuma wai saboda wannan gasar na sayi dikoda mai naɗar shiri.

Watanmu bakwai a Bamingam ta Ingila lokacin. Ina aikin ɗaukar kaya a wani katafaren sito, aikin da ba ya sanin Asabar ko Lahadi. Da na ga gasar cin kofin duniya ta Ƙatar za ta wuce ni ina tura keken kwalaye, sai na sayi dikodar a hannun wani tsoho Bature, fam 40. Shi ya nuna mini yadda ake: ka zaɓi shirin a jadawali, ka danna jan maɓalli, ka tafi harkarka, ita za ta farka da kanta ta naɗa. Na dawo gida ina ji da kaina. Lasisin kallon talabijin ma na biya, fam 159 a shekara, abin da har gobe idan na faɗa wa mutanen gida sai su ce ƙarya nake. Talabijin ɗinka, a ɗakinka, ka biya gwamnati kuɗin kallo?

Ranar Asabar 10 ga Disamba, 2022, ranar wasan Maroko da Fotugal, na saita ta tun da asuba. Na kashe data, na gargaɗi wani ɗan Gana da muke aiki tare kada ya kuskura ya buɗe baki. Sanyin makon nan kuwa sai wanda ya gani, gilashin mota sai an kankare shi da kati. Na shigo gida wajen tara na dare, na wanke hannu, aka ajiye mini tuwo, na ɗauki rimot. Shiru. Ko ɗan jan hasken nan babu. Na leƙa bayan talabijin, makunnin soket a kashe.

"Wa ya kashe wannan?"

"Ni ce," in ji uwargida daga kicin. "Ba kowa ke kallo ba, tana ta shan wuta a banza."

"Maman Ummi, kin san abin da kika kashe?"

"Na san abin da ya rage a mita, Abban Ummi. Fam uku da 'yan kai."

Gaskiyarta ce ta wannan gefen. Gidan hayarmu mita mai kati ne, sai ka je kanti ka loda, in ya ƙare wuta ta tafi, ba ruwan kowa. A hunturun nan yunit ɗaya na lantarki ya kai kusan fene 34, har gwamnati ta riƙa raba tallafin fam 400 ga kowane gida, kashi shida daga Oktoba zuwa Maris. Ita ce ke wuni da yarinya a gida tana kallon lambobin suna sauka. Amma ni a daren nan ban ga wannan ba. Tuwon ma ban gama ba.

Kwana uku muna abu ɗaya. Na aro wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a soket, don in kafa hujja. Dikodar idan tana jiran aiki wat 15 take ja, wato kusan fene 12 a yini. Na ɗora butar lantarki, wat 3,000. Hitar da take kunnawa a ɗakin yarinya wat 2,000, awa ɗaya fene 68. Na rubuta duk a bayan ambulan, na ajiye mata a kan tebur kamar lauyan da ya gama da shari'a. Na ce hitarki ta awa guda ta ci dikodata ta kwana biyar.

Ta duba takardar, ta ce, "To ina motar?"

Na ce mota ai ba a soket take ba.

"A aljihu ɗaya take."

Nan bakina ya mutu. Motar tsohuwa ce mai dizal, na saye ta da arha ina murna na yi dabara, ban san dalilin arhar ba. Tun Yunin 2021 tsakiyar Bamingam ta zama yankin tsabtace iska, tsohuwar mota irin tawa fam 8 take biya duk ranar da ta shiga. Sau biyu ina mantawa, wasiƙar tara ta zo, fam 60 kowacce don na biya da wuri. Litar dizal kuma a lokacin ta haura fam 1.70. Uwargida ba ta je jami'a ba, amma a tsaye ta yi lissafin: shiga gari sau ɗaya ya biya wa dikoda wutar wata biyu. Sannan ta ƙara da cewa bas na tsayawa a bakin layinmu, girman kai ne ya hana ni hawa. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, domin haka ne. Hoton motar na fara tura wa gida kafin hoton ɗakin da muke kwana.

Abin da ban gaya mata ba sai daga baya: tun a wurin aiki na san sakamakon. Da na fito sallar magariba na kunna data don duba lokaci, saƙon muryar ƙanina ya faɗo daga Zariya. Ihu ne kawai da ƙarar janareta a gidan kallon unguwarmu, yana cewa "Yaya, kana gani? Yaya, Ronaldo na kuka!" Na saurara sau huɗu a tsaye a bayan sito. So nake in zo gida in zauna in yi kamar ban sani ba, in yi ihun tare da su ko da a makare.

Da na kira Baba ranar Juma'a na ba shi labari, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Wai can ma ana ɗauke wuta?" Na ce a'a Baba, nan mu ke ɗauke wa kanmu. Ya ce su kwanansu huɗu ke nan ba a kawo ba, firjin da na saya wa Inna ta mayar da shi ma'ajiyar kwanuka. Ya tambayi jikarsa, ya ce a sa mata safa biyu. Sai ya rage murya ya ce, idan da hali a wannan watan a ƙara ɗan wani abu na man janareta, saboda zafin ƙafar Inna ba ya barinta barci sai an jona mata abin gashi. Na ce to, Baba. Ina riƙe da makullin motar a ɗaya hannun.