Kunya daban, shiru daban

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙanwata, 'yar ƙanwar mamanmu, ta zo min gida Tumfure da jakar bakko cike da kaya, ta zazzage su a kan gado ta ce "Adda dan Allah zaɓar min wanda zan sa ran Litinin." Ta gama jami'ar jihar Gombe, ta yi bautar ƙasa, ta zauna a gida kusan shekara 2, yanzu Allah ya kawo aiki an ɗauke ta a lebul 8 na matakin albashi. Murna kam ba a magana. Na zauna muka hau zaɓe, amma a raina ina cewa yarinyar nan kaya ne ƙaramin abin da ke gabanta.

Duk da haka bari in fara da kayan tunda shi ta tambaya. Abu na farko da na ture gefe mayafin nan ne mai santsi, wanda kina tafiya yana zamewa kina jawo shi. A gidan biki ba komai, amma a ofis hannu ɗaya fayil ɗaya waya, kina gaban darakta kina bayani rabin hankalinki yana kan kafaɗarki, wallahi maganar ma ba ta fita daidai. Ko ki sa hijabi daidai gwiwa, ko mayafi mai ɗan kauri ki kama shi da fil biyu ki manta da shi har a tashi. Leshi mai duwatsu ki bar wa ranar suna. Atamfa mai auduga ɗinki mai sakewa ita ce rufin asiri, musamman watan Maris da Afrilu da zafin Gombe ke tashi, a ɗauke wuta fanka ta tsaya ku shida a ɗaki ɗaya. Nan ne kuma maganar humra ta shigo, ina son ƙamshi kamar kowace mace, amma wadda za ki shafa a ɗakinki daban, ta ofis ɗan kaɗan ya isa, akwai mai asma a gefenki da ba za ta iya faɗa miki ba. Takalmi kuma wanda za ki iya hawa bene da shi ki sauko ki tari keke napep.

Kuma kar wani ya ce miki sai kin ajiye shigarmu kafin a ɗauke ki da muhimmanci. Ki dubi Amina Mohammed, 'yar asalin Gombe, ta riƙe ministar muhalli, tun 2017 kuma ita ce mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, da ɗaurin ɗankwalinta da mayafinta take zama da shugabannin duniya.

To yanzu ainihin maganar. Mu an raine mu da kunya, kar ki kalli babba cikin ido, kar ki ɗaga murya, in manya na magana ki yi shiru, wasunmu har yau iyayensu ba sa kiran sunan ɗan fari. Ina son wannan tarbiyyar kuma ita nake ba 'ya'yana. Sai dai na shiga aiki da ita yadda take ban san inda ake ajiye wani ɓangarenta ba, kuma na sha wuya.

Shekarata ta biyu a aiki yarona ya kwanta zazzaɓi aka ba mu gado. Na tari oganmu a baranda zai shiga mota na ce ranka ya daɗe yaro ba lafiya, ya ce subhanallahi, je ki Allah ya ba shi lafiya. Na tafi hankali kwance. Kwana 3 na dawo na tarar da kwiri, wato takardar tuhuma, a kan teburina, wai na bar aiki ba izini. Ashe ogan ya yi tafiya washegari, wanda ya riƙe masa bai san da maganar ba, kuma babu ko layi ɗaya a rubuce. Na amsa, aka wuce wurin, amma takardar nan ta shiga fayil ɗina, har yau in na tuna yadda na tsaya a ofishin mulki hannuna na rawa ina karanta ta sai in ji wani abu a ƙirjina. Mutumin bai yi min ƙarya ba, mantawa ya yi. Ni ce na ji nauyin in ce masa bari in rubuto ka sa hannu, gani nake kamar rashin yarda ne da maganar babba.

Tun daga ranar komai nawa a rubuce. Izini, hutu, aikin da aka ba ni da baki, in na fito sai in tura saƙo, "Yallabai, kamar yadda ka umarta ɗazu, zan kawo rahoton ranar Laraba." In takarda ce na kai, sai na yi kwafi an buga min hatimi da kwanan wata na adana. Ba wanda ya taɓa jin haushi, wasu ma daɗi suke ji don an tuna musu.

Sai zaman mitin. Sau nawa ina da shawara sai in raɗa wa na kusa da ni, shi kuma ya ɗaga hannu ya faɗa, a ce madalla, a rubuta sunansa. Na daɗe ina jin haushinsa kafin in yarda cewa ni na miƙa masa. Na ce wa ƙanwata, ba ihu ake so ba, "ranka ya daɗe ina da magana a kan wannan" ya isa, da muryar da na ƙarshen tebur zai ji. Kuma dan Allah kar ki buɗe da "ban sani ba ko daidai ne, ku yi haƙuri", kin kashe maganarki kafin ta fito. Fara da abin da kika sani, fayil kaza, adadi kaza, ga abin da nake gani. In an katse ki, ki jira ya gama ki ce "bari in ƙarasa, Yallabai" ki ƙarasa.

Akwai kuma "to" ɗinmu. A gida to na nufin na ji, a ofis to na nufin na ɗauka zan yi. Ki ce to ga mutum uku a rana ɗaya, ranar Juma'a duk ukun suna jiranki. Gara ki ce zan iya amma sai Talata saboda akwai na darakta a hannuna. In sha Allah kuma ki haɗa shi da rana.

Guruf ɗin WhatsApp na ofis ba na dangi ba ne. Kar ki tura "slm" kawai ki zauna jiran amsa, yi sallamarki da buƙatarki a saƙo ɗaya, muryar minti 5 kuma ba mai saurara. Wanda ya fara kiranki ƙarfe 10 na dare wai maganar aiki, kar ki ɗauka, da safe ki rubuta masa "na ga kiranka, ina ofis." Wanda ya fara ce miki amarya ko 'yar gidana, ki ce masa sunanki, fuska a sake amma ba dariya, tun ranar farko, don in kin bari ya yi sati ya zama suna. In abin ya wuce haka ki ajiye saƙonnin, ki samu babbar mace a wurin ki faɗa mata, kar ki haɗiye ke kaɗai. Hannu kuma in ba kya gaisawa da maza, ki riga shi ɗora naki a ƙirji da gaisuwa mai kyau, ba wanda zai ji kunya.

Gaisuwa dai kar ki rage ta ga kowa. Masinja, mai shara, baba maigadi, su suka san inda fayil ya kwana da lokacin da oga ke cikin yanayin sa hannu.

Da yake bikinta bayan sallah ne na taɓo mata haihuwa ma, ta rufe fuska tana "kai Adda." Na ce ai nan ne kunyar ta fi cutar mu. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mace sati 12 da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ma'aikatan tarayya kuma nasu hutun ya fi haka tsawo. Ki je ofishin mulki ki nemi littafin ƙa'idar aikinku ki karanta da idonki, ki rubuta neman hutun da wuri, ba sai ciki ya tsufa kina ɓoye shi da hijabi ba.

Ƙarshe dai shuɗiyar atamfa ta ɗauka da farin mayafi mai kauri. Na ba ta fil guda huɗu da ƙaramin littafi da biro biyu, na raka ta bakin titi ta hau keke. Ran Litinin da azahar sai ga saƙonta, wai an ce ta je banki maganar albashi, ta rubuta izini a takarda kafin ta fita, sakatariyar ogan ta kalle ta ta ce wa ya koya miki.