Mako na shida a gareji: Corolla mai hura sanyi

Ƴan uwa masu koyo, sannunku da aiki. Nan Tawa hunturu ya kankama, da safe hannu ba ya son taɓa ƙarfe. Ran Talata wani alhaji mai zirga-zirga tsakanin Tawa da Ƙwanni ya kawo Corolla ɗinsa ta 2005, cikin waɗanda ake saukewa a tashar ruwan Kwatano. Ya ce in ya kama hanya bayan sallar asuba, ko ya murɗa maɓallin ɗumi har ƙarshen ja, sanyi sai ya ci ƙafafunsa. Maigida ya dube ni ya ce, "Yaro, ga taka."

Ni da zumuɗi har na fara kwance kusoshin gaban mota, wai zan isa ga ƙaramin radiyatan da ke ɗumama iska. Aikin yini guda ke nan. Maigida ya riƙe mini hannu: "Ka sa tafinka a bakin ramin iskar tukuna?" Ban sa ba. Ashe tambaya biyu ce na cuɗa wuri ɗaya. Iskar tana fitowa? In tana fitowa, da ɗumi ko babu?

Na murɗa fanka. Lamba 1, 2 da 3 shiru, a 4 kuma sai gurnani, amma abin da ke isowa tafina bai fi numfashin jariri ba. Fankar da ke aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, rezistans ɗinta ne ya ƙone, don shi ke rage wuta a ƙananan lambobi, ita 4 kai tsaye wutarta ke tafiya. Yana ƙarƙashin akwatin gaban fasinja, kusoshi biyu ke riƙe da shi. An dasa shi cikin hanyar iska ne don ta riƙa sanyaya shi, to in iskar ta ragu fa? Sai ya yi zafi ya ƙone. Na sauke akwatin na zaro matatar iska. Wallahi kamar tubalin laka! Jar ƙura ta toshe kowane lungu, ga busasshen ganyen bedi, ga ɓawon gyaɗa da ɓera ya yi ajiya. Alhaji ya ce bai taɓa sanin akwai ta ba.

Muka sa sabuwar matatar iska da wani rezistans, iska ta dawo da ƙarfinta, sai dai sanyi ƙalau. Nan na buɗe gaba in taɓa tiyo biyun da ke ratsa bangon inji zuwa ciki, masu kai ruwan zafi ga ƙaramin radiyatan su dawo da shi. Ƙa'ida ita ce in inji ya ɗauki zafi, duka biyun su yi zafi. In ɗaya ya yi sanyi, akwai toshewa ko iska ta maƙale a ruwan. Namu ba su ma shiga ba. Wani ya cire su ya haɗe bakinsu da guntun bututu. Tamostat ɗin ma, wato abin da ke tare ruwa kada ya je babban radiyata sai inji ya ɗumama, babu shi, an fidda shi don tsoron zafin Afrilu, kamar yadda aka saba a nan. Ni dai wannan al'adar ba ta kwanta mini ba. Na irin wannan injin sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa, in babu shi inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana shan mai a banza.

Kafin mu mai da tiyo, mun tura ruwa cikin ƙaramin radiyatan mu ga ko yoyo ne ya sa aka kewaye shi. Bai ɗiga ba, amma tsatsa da farin gari irin na ruwan rijiya sun yi ta fita har kusan bokiti biyu. Marfin radiyata kuwa sai da inji ya huce na taɓa shi, tabon da ke hannun maigida ya ishe ni gargaɗi.

Yanzu ɗumi na fitowa ta ramukan sama. Na ƙafa ne har yau shiru, ina zargin wayar da ke jan murfin ciki mai karkata iska zuwa ƙafa ta zame daga ƙugiyarta. Alhaji zai dawo da motar ran Asabar.