Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarun da Na Yi a Bayan Doki

A makon jiya na tsaya a inda likitar gashin ƙashi ta ba iyayena shawarar a riƙa ɗora ni a kan doki, shawarar da mahaifiyata ta ƙi amincewa da ita da farko, domin ba ta ga abin da zai kai yarinyar da cutar shan inna ta raunana wa ƙafafu saman dabba mai wannan tsayi ba. Labarin Lis Hartel ne ya sauya mata ra'ayi, wata 'yar ƙasar Denmak da cutar ta kama a 1944, amma ta ci lambar azurfa a wasan dawaki na gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, alhali sai an ɗora ta ake sauke ta.

Ba sukuwa muke yi ba, taku ne kawai. Mutum ɗaya yana riƙe da ragama, biyu suna tafiya a gefena, ni kuma ina zaune da hular kwano a kan shimfiɗa marar kauri maimakon sirdi, don ɗumin jikin dokin ya sassauta mini tsokoki. Idan doki yana taku, bayansa yana kaɗa ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugun mai tafiya da ƙafa yake motsawa, saboda haka dole tsokokin cikina da na bayana su gyara mini zama a kowane taku, aikin da ba su taɓa yi ba a keken guragu.

Ƙafafuna ba su warke ba, domin jijiyoyin da wannan cuta ta kashe ba sa dawowa, kuma ina jin takaici idan na ji ana yi wa iyaye alƙawarin waraka. Abin da na samu ya zo ne a hankali, ya kuma daɗe tare da ni. Har yau da na girma ina zama a miƙe ba tare da jingina ba, ina tashi daga keke zuwa gado da kaina, numfashina kuma ya fi sakewa tun da bayana ya daina ranƙwafawa. Na lura cewa duk lokacin da na daɗe ban hau ba ƙuguna yakan sandare, amma iya daidaita zaman bai taɓa barina ba.

Ranar da aka saki ragama aka miƙa mini linzami, da yadda muka kwashe da mahaifina a kan hakan, su ne zan kawo muku a mako mai zuwa.