Ril, Zare da Koton Ƙarya: Yadda Nake Haɗa Kayan Fatsa a Kainji

Duk lokacin da zan haɗa kayan fatsa, daga kifin nake farawa, ba daga shago ba. Kayan da za su ciro karfasa mai rabin kilo daban suke da na tarwaɗa, na tsage kuma daban da na giwan ruwa. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam ɗin a 1968, duka huɗun suna nan, ga duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna jiran zarenka a ƙasa. Abin da na gani shi ne, yawancin kifin da ke kuɓuce wa mai fatsa ba don ril ɗinsa mai araha ba ne. Ko ƙulli ya kwance, ko birkin ril ɗin ya yi tauri, ko zaren ya riga ya mutu a rana.

Bari mu fara da ril, injin naɗe zaren da ake ɗaurawa a gindin sanda. Wanda ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne mai rataya a ƙarƙashin sanda, mai kwarkwaro a buɗe da bakan waya da ake ɗagawa kafin jifa. Lambar da ke jikinsa girmansa take nunawa. Mai 2500 ya isa karfasa da kawara. Mai 4000 shi ne na kullum, yana ɗaukar kusan mita 180 na zaren nailan mai kaurin milimita 0.30, kuma zai iya da tarwaɗa da tsage. Giwan ruwa kuwa, in ba ƙanana kake nema ba, sai 6000 zuwa 8000. Akwai wata lamba kamar 5.2:1, wato in ka juya hannu sau ɗaya, zaren zai zagaye kwarkwaro sau biyar da ɗan ɗoriya. Mai 6.2:1 ya fi sauri, amma ya fi wuyar murɗawa in kaya ya yi nauyi. Don babban kifi na fi son mai jinkirin.

Kada yawan boris, wato ƙananan zobban ƙarfe da ke sa injin juyawa sumul, da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Ril mai boris huɗu masu kyau ya fi mai goma sha biyu na gwangwani. A shago ga abin da nake gwadawa: in ɗaure birki kaɗan, in ja zare da hannu a hankali. In zaren yana fita sumul, madalla. In yana fita yana tsayawa, yana fizga, to a ajiye shi ko da an rubuta Shimano ko Daiwa a jiki, domin jabu sun yi yawa. Sannan in juya hannun baya in ji ko yana da wasa, in kuma taɓa ƙaramar tayar da zare ke bi ta kanta a jikin bakan wayar. Tayar nan in ta daskare, ita ce za ta riƙa goge zare tana murɗe shi.

Birki shi ne maɓallin da ke saman kwarkwaro, kuma nan ne na fi ganin mutane suna yin ɓarna. Aikinsa shi ne ya saki zare kafin zaren ya tsinke. Ƙa'idar da nake bi, a saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. In zarenka na kilo 12 ne, birki ya fara saki a kilo 3 zuwa 4. Ba ka buƙatar sikeli. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ka cika galan mai lita 4, ka zura zare ta zobban sanda, ka ɗaura a hannun galan, ka ɗaga a hankali. Lokacin da galan ke shirin barin ƙasa, lokacin ya kamata ka ji birki ya fara kuka. In sandarka siririya ce kada ka ɗaga da ita, ja kai tsaye daga ril. Da kifi ya ɗauka ya fara gudu, zuciya takan ce a ƙara ɗaurewa. Kada ka yi. Gwargwadon yadda zare ke raguwa a kwarkwaro, haka birki ke ƙara tauri da kansa, saboda da'irar ta ƙanƙance. In kifin ya nufi kututture kuma dole ka tsayar da shi, ɗora yatsa a gefen kwarkwaro, ka ɗauke da zarar ya juyo. Wani abu kuma: kada ka juya hannun ril yayin da birki ke kuka. Ba ka jawo komai, murɗa zare kawai kake yi, kuma gobe in ka yi jifa zai fito a cukurkuɗe. Yadda ake jawo babban kifi shi ne ka ɗaga sanda a hankali ba tare da juya hannu ba, sannan ka sauke ta kana naɗe abin da ka samu.

Zare iri biyu ne a hannun yawancinmu, nailan da tufkakke. Nailan yana miƙewa, wani har kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, kuma wannan miƙewar tana yafe wa mai koyo kurakurai da yawa, domin tana shanye fizgar kifi. Yana da araha, yana jure gugar dutse. Aibinsa biyu: rana tana cinye shi, kuma yana riƙe lanƙwasar kwarkwaro. Nailan ɗin da ya kwana a kan tebur a kasuwa yana shan rana wata da watanni, ko sabo ne a leda ba na saye. Ka ja kamu ɗaya tsakanin yatsu. In ka ji kaushi, ko ka ga ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, ya gama aiki. Mai yawan zuwa ruwa ya canza nailan duk shekara, ko ma kafin haka.

Tufkakken zare ba ya miƙewa, kuma siriri ne ƙwarai in aka kwatanta da ƙarfinsa. Mai fam 30, kusan kilo 13 da rabi ke nan, kaurinsa bai wuce na nailan mai kilo 4 ba. Yana tafiya nesa a jifa, kuma ko ƙaramin taɓi aka yi wa koto za ka ji a hannunka. Sai dai dutse mai kaifi yana yanke shi nan take, kuma yana yanka yatsa, don haka in ya maƙale kada ka naɗa a hannu ka ja, naɗa a guntun itace. Yana kuma da santsi. In ka ɗaura shi kai tsaye a kwarkwaro, duk naɗin zai riƙa juyawa gaba ɗaya, ka yi zaton birki ne ya lalace. Maganinsa ka fara naɗa nailan mita 15 zuwa 20 a ƙasa, sannan ka haɗa tufkakken a kai. Ko wane iri ne, a cika kwarkwaro har ya rage milimita 2 zuwa 3 a baki. In ya gaza haka jifa ba ta nisa, in ya wuce zare zai zubo a dunƙule. Bayan kowace jifa ka rufe bakan wayar da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi.

Tsakanin babban zare da koto akwai zaren gaba, kuma shi ne ke shan duka. Murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi da ƙaya, kuma in ya yi tsalle ya girgiza kai, nan zare ke gogawa. Nakan sa masa nailan mai kaurin milimita 0.80 zuwa 1.0, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tsage kuwa haƙoransa ba sa barin nailan komai kaurinsa, sai waya mai tsawon santimita 20 zuwa 30. Bayan kowane kifi sai na bi zaren gaba da yatsa. In na ji zazzago, in yanke in sake ɗaurawa, minti biyu ne.

Ƙulli biyu sun ishe ka in ka iya su da ido rufe. Na farko shi ne Palomar, don ƙugiya da majuyi, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe: ka ninka zare kamar santimita 15, ka zura ninkin ta idon ƙugiya, ka yi ƙulli na yau da kullum da ninkin amma kada ka ja, ka zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin, sannan ka ja. Na biyu shi ne Uni, ƙullin da ake yi ta zagaya wutsiyar zare a cikin madauki, wanda in ka yi biyu suna fuskantar juna za su haɗa tufkakke da nailan. A gefen nailan zagaye 5 ya isa, a gefen tufkakke sai 8 ko fiye saboda santsinsa. Kafin ka ja kowane ƙulli, jiƙa shi da yawu. Busasshen nailan yana ƙonewa da zafin guga, ya raunana a daidai wurin da kake dogaro da shi. In zare ya tsinke, duba bakinsa. In ya nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙulli ne ya zame. In ya yanke tas, haƙori ne ko dutse. In ya yi gashi-gashi, guga ce.

Koton ƙarya shi ne abin da masunta da yawa suke yi wa dariya, har sai sun ga giwan ruwa ya haɗiye shi. Ya fi aiki a kan kifin da ke farautar kifi. Karfasa da kurungu sai tana ko ƙullu, tarwaɗa kuma hancinta take bi, gara ka ba ta hanjin kaza ko yankan kifi a ƙasa. Iri uku nake riƙewa. Akwai kifin katako ko na roba mai leɓe a gaba, irin wanda kamfanin Rapala na ƙasar Finlan ya shahara da shi tun wanda Lauri Rapala ya sassaƙa a 1936. Leɓen ne ke nutsar da shi: dogon leɓe ya yi zurfi, gajere ya tsaya kusa da sama. Don giwan ruwa, koto mai tsawon santimita 12 zuwa 14 nake sawa. Akwai cokali, ƙarfe mai walƙiya mai nauyin giram 15 zuwa 30, abincin tsage ke nan, amma dole a sa masa majuyi, in ba haka ba zai murɗe zare. Sai kifin roba mai laushi da ake sokawa a ƙugiya mai kan dalma, wanda ya fi arha, kuma shi nake jefawa cikin kututture inda ba na son asarar mai tsada.

Launi ruwa ne ke zaɓa. Kogin Neja yana kawo ambaliya biyu a Kainji. Ta damina, wadda ruwan saman yankin ke kawowa, tana zuwa da laka, ruwa ya yi fari-fari ba a ganin tafin hannu. Ɗayar tana isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, bayan ta sauke lakarta a fadamun Mali, don haka ruwanta garau yake. A gurɓataccen ruwa nakan sa koto mai launin ruwan lemo ko rawaya mai haske, ko mai ƙararrawa a ciki, domin kifi da motsi yake gane abinci kafin ya gani. A ruwa mai tsabta sai mai launin azurfa ko mai kama da karfasa. Amma zurfi da sauri sun fi launi muhimmanci. Giwan ruwa ɗan kwanto ne, yana laɓewa a gefen dutse ko inda ƙasa ta gangara, kuma koton da ya wuce mita uku a samansa bai dame shi ba. In ana ja a bayan jirgi, a saki zare mita 30 zuwa 40, a tafi da saurin mai tafiyar ƙafa, kan sanda yana rawa a hankali. Da rawar ta tsaya, ciyawa ce ta naɗe koton, a jawo a cire. Tsage shi gudu yake so. Ka jefa cokali a ƙetaren igiyar ruwa, ka naɗe da sauri.

Ƙugiyoyin da ke zuwa da koto mai araha sukan miƙe a bakin babban kifi, haka ƙananan zobban da ke riƙe su. Nakan canza su tun a gida. Ga tsage ma na fi son in cire ƙugiya mai baki uku in sa guda ɗaya mai ƙarfi, domin bakinsa ƙashi ne, kuma tsini ɗaya ya fi shiga fiye da uku da suka raba ƙarfin fizga. Lambar ƙugiya tana rikita mai koyo: daga 1 zuwa sama, in lamba ta ƙaru ƙugiya ƙanƙancewa take, 10 ta fi 6 ƙanƙanta. Amma masu sifili a baya, 2/0 zuwa 8/0, girma suke ƙarawa. Karfasa 8 zuwa 12, tarwaɗa 2/0 zuwa 5/0. Gwajin kaifi a farce ake yi: ka ja tsinin a kan farcen babban yatsa, in ya zame ya dakushe, in ya kama ya yi. Akwai ƙugiya mai lanƙwasasshen tsini da ya juya ciki, ita ba a fizga mata. In kifi ya ɗauka sai ka naɗe kawai, ta kama a kusurwar baki. Dalma kuma a sa mafi ƙanƙanta da za ta riƙe ƙasa, kuma a bar zare yana zamewa ta cikinta, don kada tarwaɗa ta ji nauyi ta tofar.

Ka riƙe filaya mai dogon baki a aljihu. Kada yatsa ya shiga bakin tsage ko da ya daina motsi, kuma ƙayar kurungu da ta tarwaɗa suna huda tafin hannu. Kafin ka jefa fatsa a wurin da ba naka ba, gaisa da Sarkin Ruwa ko masuntan wurin. Su suka san inda aka shimfiɗa ragar kalli da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, su kuma za su gaya maka inda dorina take.

In an dawo gida, a goge ril da ɗanyen tsumma, kada a tsoma shi a ruwa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da giris takan zama kamar yashi a cikin haƙoran inji, saboda haka a jaka yake kwana, ba a rataye a bango ba. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a tayar zare, ɗaya a gindin hannu, ya wadatar, amma kada mai ya taɓa faifan birki. A sassauta birkin gaba ɗaya kafin a ajiye, domin in ya kwana a matse faifan suna lotsewa, su fara fizga. Koto kuma a shanya shi ya bushe kafin a rufe akwati, ƙugiya ɗaya mai tsatsa tana shafa wa sauran.