Yini guda a kurmin Osun na garin Osogbo

Na shiga kurmin Osun da ƙarfe tara na safe a watan Janairu, kuma da gangan na zaɓi lokacin. A watan Agusta ake bikin Osun, abar bautar Yarbawa ta kogin da ya ratsa kurmin, jama'a ba masaka tsinke, mai son tsayawa ya ƙare wa aikin hannu kallo ba zai samu sarari ba. Da damina kuma hanyoyin cikin kurmin santsi suke yi, ga sauro. Daga Ibadan tafiyar kusan awa biyu ce a mota, saboda haka wanda ya yi sammako zai je ya dawo a yini ɗaya.

Kurmin yana gefen gari, faɗinsa hekta 75. Tun 1965 gwamnati ta ba shi kariya, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Ba a farauta, ba a su, ba a sare itace. A ƙofa ake biyan kuɗin shiga, kuma tun a nan ya kamata a tambayi kuɗin ɗaukar hoto, a ɗauki ɗan jagora. Wurin bautar Yarbawa ne har gobe, akwai ɗakunan da baƙo ba ya shiga, kuma jagoran ne zai ce maka nan ka tsaya. Ni kallo ya kai ni, na bar masu ibada da ibadarsu, azahar kuma na yi ta a Sabo bayan na fito.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda aka yi mutum-mutumin da ke cikin kurmin. Daga nesa za ka rantse itace ne ko jar ƙasa, sai ka matso ka ga siminti ne aka ɗora a kan ƙarafa da ragar waya. Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya da ta zauna a Osogbo har ta rasu a 2009, ita da masu fasahar garin irin su Adebisi Akanji, wanda asalinsa magini ne, su suka yi wannan aiki. Katangar bakin hanya ma ba miƙaƙƙiya ba ce, tana lanƙwasa kamar saiwa, fuskoki suna leƙowa daga jikinta. Gaban mutum-mutumin Iya Mapo, mai hannaye da yawa da tsayin da ya fi gidan ƙasa nesa ba kusa ba, na yi minti ashirin ban gama gani ba.

A dubi tsagun da ke jikinsu da kyau. Laimar kurmi tana ratsa siminti, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, sai ya fasa simintin daga ciki. Reshe ya faɗo ya karya hannu, saiwa ta ɗaga gindi. Inda aka yi gyara launin ya fi haske. Don haka kada a jingina, kada a bar yaro ya hau don hoto.

Kuskurena biyu. Na riƙe ayaba a leda a fili, birai kuwa suka yi mini rakiya har bakin kogi. Abinci a cikin jaka mai zif ya kamata ya zauna. Na kuma zo da ruwa gora ɗaya, alhali yawon awa uku yana son lita ɗaya da rabi. Ruwan kogin ba na sha ba ne, haƙar zinariya da ake yi a sama ta gurɓata shi.

A sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, da riga mai dogon hannu. Tsohuwar gadar lilo da ke kan kogin tana motsi, a haye ta mutum biyu ko uku, a riƙe waya da kyau. Hoto ya fi fita kafin sha ɗaya, don da rana ta take, hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuskokin dabbare-dabbare.